Asalinmu: Mu Tambaya, Mu Rubuta Shi Yadda Yake

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sauran masu karatu, kafin ku ci gaba da wannan shafi muna roƙonku ku dakata ku yi wani ɗan gwaji. Kowa ya ɗauki biro da takarda ya rubuta sunan mahaifinsa, sa'an nan sunan kakansa, sa'an nan sunan wanda ya haifi kakan, ya yi ta hawa har inda saninsa ya tsaya. In ya gama, ya juya takardar ya yi haka ta wajen uwa: sunan mahaifiyarsa, da na wadda ta haife ta, da na wadda ta haifi wannan. Mun gwada a tsakaninmu, kuma abin da muka gani bai yi mana daɗi ba. Ta wajen uba akan ɗan taɓuka a kai hawa uku ko huɗu. Ta wajen uwa kuwa yawancinmu a kan kaka muka cije, wasu ma ba su san sunan kakar na yanka ba, sai dai Iya ko Inna da suka tashi suka ji ana kiranta. Alhali kuwa in aka tashe mu tsakar dare aka tambaye mu shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, babu inda-inda za mu ce 1914, domin wannan yana fitowa a jarrabawa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, bin diddigin tarihin gida aiki ne da ya rataya a wuyan duk wanda aka kashe wa kuɗi ya koyi rubutu, kuma ya kamata a fara shi tun tsofaffin gida suna raye. Wannan kowa zai ce ya yarda. Amma muna da ƙari, kuma a kan ƙarin ne muka san za a yi jayayya da mu: abin da aka samo, a rubuta shi yadda yake, da mai daɗin ji da wanda ake faɗa da ƙaramar murya.

Don kada mu zalunci kanmu, sai mu fara da cewa ba duka laifinmu ba ne. A ƙasarmu sarakuna ne ke da jerin sunaye. Akwai wani tsohon littafi na tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Baturen nan H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, da yaƙe-yaƙensu da abin da ya faru a zamanin kowannensu. Amma manomin da ya ciyar da su, da maƙerin da ya ƙera musu masu, da matar da ta daka hatsin, babu wanda ya damu da sunansu. Rajistar haihuwa ma sai can daga baya aka yi dokar da ta wajabta ta a duk faɗin Nijeriya. Bugu da ƙari, yadda muke sa suna yana ɓatar da sawu. Ɗa yana ɗaukar sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban, ta haka sunan kaka yake faɗuwa bayan hawa biyu. Waɗanda suka shiga boko da wuri kuma da yawa da sunan garinsu aka rubuta su, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga alkunya: mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na ɗan fari, suruka ba ta faɗin sunan surukinta. Ga sunayen rana, Ladi da Talatu da Ɗanjuma, waɗanda sukan danne sunan yanka har a manta da shi. Duk waɗannan al'adu ne masu kyau a wurinsu, amma sakamakonsu shi ne tarihin talaka yana zaune ne a bakin mutum ɗaya ko biyu a kowane gida, ranar da aka kai su makwanci kuma shi ke nan.

Domin mu ga abin da ke cikin bakin tsohuwa guda, bari mu ɗauki misalin Baba ta Karo. An haife ta wajen 1877 a wani ɗan ƙauye mai suna Karo, kan iyakar ƙasar Kano da ta Zazzau. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda ta biyo mijinta M. G. Smith zuwa ƙasar Zazzau inda yake nazarin zaman jama'a, ta riƙa zama da ita a Giwa da Zariya, Baba tana ba da labari da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. 'Yan makonni kawai aka yi ana wannan zama. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma, mai suna Baba of Karo, ya fito a Ingila a 1954, wato ba ta ma gan shi ba. Ku lura da tazarar: da Baturiyar nan ta ce bari sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, da babu abin da ya rage.

Me aka samu a cikinsa? Baba ta faɗi cewa danginta asalinsu Barebari ne da suka taso daga Barno. Ta lissafa iyaye da kakanni da gwaggwanni da kawunnai, wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙon wane. Ta bayyana yadda gidansu yake da rinji, wato ƙauyen bayi masu yi musu noma, da yadda 'ya'yan gida da 'ya'yan bayi suke tashi tare. Ta ba da labarin mahara da ke faɗa wa ƙauyuka, da yadda aka sace mata daga cikin danginta aka sha wahalar tara kuɗin wuri kafin a fanso su. Ta faɗi zuwan Turawa da yadda bayin gidansu suka watse bayan an ce babu sauran bauta. Game da kanta kuma ba ta ɓoye ba: aure huɗu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, 'ya'yan riƙo ta rena. Yau babu mai nazarin rayuwar matan Hausa na wancan zamani da zai tsallake wannan littafi, a nan gida ko a jami'o'in ƙasashen waje. Abin da ya ba shi daraja kuwa shi ne Baba ba ta yi wa labarinta kwalliya ba. Da ta ɓoye rinjin, ta ɓoye fita daga aure, ta ɓoye rashin haihuwa, da abin da ya rage kirari ne kawai, kirari kuwa muna da shi buhu-buhu.

Kusan shekara ɗari kafin Baba ta ba da labarinta an yi wani yaro mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, a cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. An kama shi yana ƙarami aka sayar, ya bi hannu-hannu har Kukawa, inda wani Bajamushe matafiyi mai suna Overweg ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852, sai ya koma hidimar abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Ya bi shi har Tambutu, sa'an nan suka ƙetare Sahara suka isa Ingila a 1855. A can wani limamin mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarin rayuwarsa da Hausa daga bakinsa, aka buga a cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo gida daga baya, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Dubban yara aka kama a irin harin da aka kama shi. Shi kuwa muna iya bin sawunsa daga ƙauyensu har kabarinsa, don kawai an sami wanda ya tambaye shi ya kuma rubuta.

To, abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, da Baba da Dorugu duka baƙi ne suka tambaye su. Ba mu ce baƙin sun yi laifi ba, mun gode musu. Amma a wancan lokaci ana iya cewa 'yan gida ba su iya rubutun boko ba. Mu fa? Mun shekara shida a sakandare, muna rubuta insha'i a kan ranar da ba za mu manta ba, muna haddace sarakunan Ingila da na Songhai, ga kuma irin su Baba zaune a tsakar gidajenmu suna ɓarar gyaɗa, ba mu taɓa ce musu, "Iya, a ina aka haife ki?" ba.

Yanzu sai mu zo kan maganar da muka ce za a yi jayayya. Ku tambayi mutum goma asalin gidansu, za ku ji abin mamaki. Wannan kakansa daga Makka ya zo, wancan daga Misra, wancan jikan sarkin da aka hana sarauta ne ya yi fushi ya bar gari, wancan kuma babban malami ne da ya riƙe tuta. Ba a gidaje kaɗai ake wannan ba, har manyan dauloli: labarin Bayajida ya fara ne daga Bagadaza, tsofaffin sarakunan Barno kuma sun danganta kansu da Yaman. Waɗannan mun bar wa masana tarihi su yi ta muhawara a kai. Abin da ya dame mu shi ne ɗan ƙaramin gida irin namu, wanda bai san sunan kakan kakansa ba, amma ya yi tsalle ya haye hawa ashirin ya dira a Gabas. In kowa jikan sarki ne, wa aka mulka? In kowa jikan mai tuta ne, wa ya yi noman da mayaƙa suka ci?

Akwai lissafin da ba ya ƙarya. Masana biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafin da suka fitar a 1993 a kan mutuwar bauta a Arewacin Nijeriya, sun ƙiyasta cewa a lokacin da Turawa suka ci Daular Usmaniyya akwai bayi tsakanin miliyan ɗaya da miliyan biyu da rabi a cikinta. Dokar Lugga ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. Wato ba maganar zamanin Fir'auna muke yi ba; akwai tsofaffi a raye da suka ga waɗanda suka yi bauta da idonsu. Mutanen nan masu yawa haka ba ƙasa ce ta haɗiye su ba. Sun yi aure, sun haihu, wasu sun fanshi kansu ta hanyar murgu, wasu sun gudu sun koma ƙasashensu, mata da yawa sun shiga gidajen manya a matsayin ƙwaraƙwarai suka haifi sarakuna da malamai da attajirai. Kowane ɗayanmu yana da kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, na gaba da su sha shida, na gaba talatin da biyu. Wanda zai dafa ƙirji ya ce cikin talatin da biyun nan babu bawa ko baiwa ko ɗaya, to ya fi mu ƙarfin hali. Haka nan wanda zai rantse babu wanda ya kama mutum ya sayar, ko ya saya. Mu da muke zaune aji ɗaya, daga Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Kano da Katsina, mai yiwuwa ne kakan wani ya kai hari garin kakan wani, mai yiwuwa ne kuma kakar wani 'yar'uwar kakar wani ce da aka raba su tun suna yara. In muka bar wannan a rufe, kowane ɓangare zai ci gaba da riƙe rabin labarin da ya yi masa daɗi.

Mun san abin da manya za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce wannan tonon asiri ne. Za su ce har gobe in an zo neman aure ana binciken asali, kuma akwai gidajen da kalma ɗaya, bacucane ko ɗan baiwa, takan rushe maganar da aka shekara ana ginawa. Za su ce wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa, matattu kuma ba sa iya kare kansu. Ba mu raina wannan ba. Ba mu ce kowa ya ɗauki sirrin gidansu ya kai kasuwa ko ya watsa a Facebook ba, ba mu kuma ce a tono na gidan maƙwabta ba. Littafin tarihin gida na gida ne. Dattawan gida su ne za su yanke wanda zai gani da lokacin da zai gani, kuma in tsohuwa ta ce, "Wannan kada ka faɗa sai bayan raina," to a cika mata alkawari. Inda muka tsaya kai da fata shi ne, rufewa daban, canzawa daban. Ana iya ajiye gaskiya a ƙasan akwati shekara hamsin ta fito lafiya. Amma ranar da aka goge sunan baiwar da ta haifi kakanmu aka sa 'yar sarki a gurbinta, an sake sayar da matar nan karo na biyu, kuma wannan karon jikokinta ne suka sayar da ita. Ita ce fa aka raba da iyayenta da harshenta, ta jure, ta rayu, ta rena ɗan da muka fito daga tsatsonsa. In akwai abin kunya a cikin labarin, ba a kanta yake ba.

Akwai wani haɗari kuma da ke jiran mai bincike ko da niyyarsa mai kyau ce, wato son jin abin da yake so ya ji. Wani marubuci Baƙar fatar Amurka, Alex Haley, ya fitar da littafi mai suna Roots a 1976, inda ya ce ya bi sawun danginsa daga Amurka har ƙauyen Juffure a Gambiya, ya gano kakansa Kunta Kinte wanda aka kama aka kai Amurka a jirgin ruwa a 1767. Littafin da fim ɗin da aka yi da shi a 1977 sun girgiza duniya, sun sa dubban mutane neman asalinsu, kuma wannan alheri ne babba. Amma da masana suka bi bayansa sai suka tarar da matsaloli. Mutumin da ya ba shi labari a Juffure ba ƙwararren mai riƙe tarihi ba ne, kuma akwai alamun ya riga ya ji abin da baƙon yake nema tun kafin su zauna. A takardun Amurka kuma an ga sunan bawan da Haley ya ce shi ne Kunta Kinte shekaru kafin jirgin ya iso. Mu da muka san maroƙa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ka sa babbar riga ka je wurin biki da sababbin kuɗi a aljihu, kafin ka zauna an haɗa ka da Bawa Jan Gwarzo. Maroƙi yana da amfani, domin sau da yawa yana riƙe da sunayen da 'yan gida suka manta, amma abin da ya faɗa sai an auna shi da bakin wani wanda ba ya jiran ko sisi daga hannunka.

Shi ya sa muke ba da shawarar a fara da tsofaffin mata. Su ne suke zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa, su ne suka san wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita ta sake aure a wane gari, ɗan wa aka ba wa riƙo har aka ɗauka ɗan gidan ne. Kada a je musu da takardar tambayoyi kamar ma'aikacin ƙidaya, za su rufe baki. A je da goro, a zauna a kan tabarma, a taya su tsinkar zogale, a bar hira ta yi tsawo. Inda alkunya ta hana ta faɗin suna, a nemi wata ta faɗa, ko a ambaci sunaye ita kuwa ta ɗaga kai in an zo kan na daidai. A tambayi mutum biyu ko uku abu ɗaya, kowa shi kaɗai. In bakinsu ya saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗi kowanne, kada a zaɓi wanda ya fi daɗi.

Shekaru kuwa, kada a tambayi tsoho shekarar da aka haife shi. A tambaye shi abin da ya faru. Mutanenmu da manyan al'amura suke lissafi, mu kuma da muka yi tarihi a aji aikinmu ne mu mai da su lambobi. In an ce kakan kaka ya yi gudun basasar Kano, to tsakanin 1893 da 1895 ke nan. In an ce yana goye Turawa suka shiga Kano, 1903. In ana maganar isowar jirgin ƙasa Kano, 1911. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, annobar marisuwa 1918, yunwar 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942, ko da yake sunayen yunwa sukan bambanta daga wata ƙasa zuwa wata, saboda haka a tambayi yadda abin ya kasance, kada a tsaya ga sunan kaɗai. Wanda aka ɗauka soja zuwa Bama, tsakanin 1943 da 1945 ya yi yaƙi a can. Akwai husufin rana na 1947, da zuwan Sarauniya Kaduna a 1956, da komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Da irin waɗannan turaku mutum zai iya ɗaure kusan kowace haihuwa da aure da ƙaura a gidansu, kuskuren bai wuce shekara biyu ko uku ba.

Wani abin kuma ba a baki yake ba. Tsagar da ke fuskar kaka takarda ce da wanzami ya rubuta. Ta Gobirawa daban, ta Barebari daban, ta Kabawa daban, kuma da yake yanzu an daina yi wa yara, in tsofaffin suka tafi ta tafi. A ɗauki hotonsu, a tambayi sunan askar. A lura da waɗanda gidanku ke wasa da su: in kakarka tana tsokanar Fulani tana ce musu bayinta, ka binciki Barno, in da Nufawa take yi, ka duba wajen Katsina. Sana'ar gado, da abincin da gida ba ya ci, da wata baƙuwar kalma da tsohuwa ke yi in ta ji haushi wadda ba Hausa ba ce, duk sawu ne.

Bayan baki sai takarda, kuma takardun sun fi yadda muke zato yawa. A cikin gida akwai tsofaffin rasiɗan haraji da na jangali, takardar sallama daga soja, takardar gona, wasiƙun ajami, da bangon littattafan addini inda wasu iyaye suke rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu. Majami'u da yawa suna da rajistar baftisma da ta aure tun zamanin Turawan mishan, kotunan alƙalai kuma suna da littattafan rabon gado, inda ake jera magada ɗaya bayan ɗaya. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda aka tara fayilolin lardunan Arewa, har da rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomi lokacin da suke ƙiyasta haraji, da rajistar bayin da aka 'yanta a kotu. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970. Wanda aka ce masa kakansa a hannun Turawa ya tashi, ya tuna an yi gidan renon yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi a Zungeru, daga baya a 1909 aka buɗe wani a Rumasha ƙarƙashin mishan. Sai dai a riƙa tunawa, Baturen da ya rubuta rahoto ta bakin tafinta ya ji, tafintan kuma yana da nasa ra'ayi, mai ba da labarin ma yana tsoron a ƙara masa haraji. Takarda ma shaida ce kawai, a auna ta kamar yadda ake auna baki.

Kada kuma a yi mamaki in sawun ya fita daga Nijeriya. Kusan kowane gida yana da wani wanda "ya tafi bai dawo ba". Wani fataucin goro ya kai shi Gwanja ya zauna, zuriyarsa suna zangon Kumasi ko Akara. Wani ya kama hanyar Makka a ƙasa guzuri ya ƙare a Sudan; bayan yaƙin Burmi na 1903 ma jama'a da yawa sun yi gabas, garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu su suka kafa shi. Wani kuwa haƙar kuza ce ta kai shi Jos ya canza suna. A zamanin nan na wayar hannu da intanet, neman irin waɗannan dangi ya yi sauƙin da iyayenmu ba su taɓa mafarki ba. Akwai ma kamfanoni a Turai da Amurka da ke gwada yawun mutum su gaya masa yankin da jininsa ya fi kama da na mutanen wurin. Wannan yana iya nuna shiyya, amma ba zai faɗi sunan kowa ba, balle dalilin da ya sa ta bar garinsu da goyo a baya.

Ga dogon hutu nan tafe, da yawa daga cikinmu kuma za mu je ƙauye. Littafin rubutu mai shafi tamanin ya isa a fara. A shafin farko a sa sunan wanda aka yi hira da shi, da garin, da ranar. Wanda ke da waya ya ɗauki muryar, bayan ya nemi izini, amma ya zauna ya kwafe ta a takarda tun kafin ya dawo makaranta, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In an gama a yi kwafi biyu, ɗaya a ba wani babba a gida ya sa a akwati, ɗaya a riƙe. Wanda kuma yake da kaka biyu a raye, ya fara da wadda ta fi tsufa.